Daga Yumɓun Ƙasar Gwari zuwa Tanderun Abuja: Tarihin Tukwane Masu Zane

Asali: yumɓu kafin rubutu

Ƙasar da ta shimfiɗu daga Minna zuwa Paiko, ta bi ta Suleja ta gangara Kwali, ƙasa ce ta duwatsu da rafuka da kurmi. Duk inda dutse ya daɗe yana marmashewa, ruwan damina yana kwashe garinsa zuwa fadama, akan sami yumɓu. Inda kuma yumɓu ya haɗu da itacen wuta da mutane masu noman hatsi, ba a rasa tukunya. Shi ya sa tarihin ginin tukwane a wannan yanki ya girmi kowace sarauta da muka sani.

Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da ɗan Adam ya fara gasa yumɓu a duniya. A ƙasar Dogon ta Mali an tono tsingaro da masana suka kiyasta shekarunsa sun haura 11,000. A nan gida kuwa, shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga ramukan kuza. A 1928 masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 aka sake samun wani kusa da Jama'a, aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos, shi kuma ya gane cewa su biyun aikin al'umma ɗaya ne. Daga nan sunan Nok ya shiga littattafai. A shekarun 1960 Fagg ya yi haƙa a Taruga, cikin yankin Abuja, ya sami irin waɗannan mutum-mutumai tare da wuraren narkar da tama da suka kai ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ko ma kafin haka. Mutanen Nok sun siffanta mutane, sun siffanta giwa da biri da maciji, sun kuma ƙawata tukwanensu da tsaga da layuka.

Akan ji ana cewa magina na yau jikokin mutanen Nok ne. Wannan zato ne mai daɗin ji, amma haƙa ba ta tabbatar da shi ba, domin tsakanin ƙarshen zamanin Nok da farkon labarin da aka rubuta game da Gwari akwai ƙarnoni masu yawa. Abin da ya tabbata shi ne, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a kan wannan ƙasa, an riga an san yadda ake haɗa yumɓu da garin dutse don kada ya tsage a wuta, an kuma riga an saba ɗora surar dabba a jikinsa.

Mata magina na ƙasar Gwari

Mutanen da Hausawa suke kira Gwari, su kuma suke kiran kansu Gbagyi ko Gbari gwargwadon yankinsu, suna da labaran baka iri-iri game da asalinsu. Waɗansu suna cewa daga gabas kakanninsu suka taso, waɗansu suna danganta kansu da ƙasar Zazzau. Waɗannan ruwayoyi ne na kaka da kakanni. Abin da kowa ya shaida da idonsa shi ne, manoma ne na doya da dawa, maharba ne, kuma matansu suna ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka. An ce dalilinsu shi ne kai ya fi ƙarfin a mai da shi jakin jiki.

A garuruwan Hausa da dama maza ne suke ginin tukwane. A ƙasar Gwari kuwa sana'ar mata ce, yarinya tana koya a gindin uwa ko wata babba a dangi. Magina takan samo yumɓu ta jiƙa, ta tattake shi, ta cakuɗa da garin tsingaro ko tsakuwa mai laushi. Sai ta ɗora curi a kan wani abu mai tudu, ta zura hannu ta rarake cikinsa, ta riƙa jan bango sama tana zagayawa da baya. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, macen ce take juyawa. In bango ya yi tsawo sai ta riƙa ƙara igiyoyin yumɓu tana shafewa, tana bugun shi da ɗan faffaɗan katako har ciki ya yi tulu-tulu. Ba ma'auni, ba na'ura, amma randa takan fito daidai ta kowane gefe.

Zane yakan zo ne lokacin da jikin tukunya ya sha iska bai bushe ba. Akan mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan ice mai tsaga a kafaɗar randa, ya bar sawu a jere. Sannan a raba jikin gida-gida da layuka, a cika kowane gida da wuƙa ko tsinke: nan ƙadangare, can kunama, ga kada, ga hawainiya, ga maciji da kifi da tsuntsu. Ba a zana su yadda ido yake ganinsu sak. Akan baje dabbar ne kamar daga sama ake kallonta, a cika jikinta da ƙananan tsagogi, yadda za ta zauna daram cikin gidan da aka ware mata. Waɗannan su ne halittun da manomi da maharbi da mai zuwa rafi suke haɗuwa da su kullum.

Bayan bushewa sai gashi. Akan tara tukwane a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci an gama. Tun suna da zafi akan yayyafa musu ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya ba su duhu da sheƙi. Zafin irin wannan wuta bai cika wuce digiri 800 ba, saboda haka jikin tukunya yakan bar ƙananan kafofin da ido ba ya gani. A nan hikimar take. Ta waɗannan kafofi randa take tsattsafo, iska ta busa, ruwan ciki ya yi sanyi. Su ne kuma suke sa tukunyar tuwo ta jure harshen wuta a kan murhu ba ta fashe ba.

1808 zuwa 1902: zamanin yaƙe-yaƙe da kafuwar Abuja

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma a 1804, guguwarsa kuma ta iso Zazzau bayan 'yan shekaru. An ce Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan gari lokacin da rundunar masu jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta auka masa, bai sami damar komawa cikin birni ba. Ruwayar Abuja takan sa wannan a 1804, masana tarihi da yawa kuwa suna ajiye shi wajajen 1808. Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa Zuba, ya ci gaba da gwagwarmaya har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, a 1828 kuma ya kafa garin da aka sa wa sunansa, Abuja, kusa da dutsen Zuma.

Wannan hijira ta dasa fadar Hausawa a tsakiyar ƙasar Gwari da Koro. Fada tana buƙatar randuna da tuluna da kasake, kasuwa ta buɗe, fatake suna ratsawa, kayan ƙauye suka sami masu saye da suke iya bambance aiki mai kyau da na gama-gari. Abuja kuma ta tsare kanta, ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba har ƙarshen ƙarnin, abin da ya ba ƙauyukan da suke ƙarƙashinta wani ɗan sauƙi.

Gwarin da suke yamma, wajajen Minna ta yau, ba su sami wannan inuwa ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a 1864, shi da ɗansa Ibrahim kuma suka shafe shekaru suna kai hare-haren kamun bayi a ƙasar Gwari. Mutane suka bar fili suka haye duwatsu. Tsohuwar Minna ma a kan tudu take. A irin wannan zama, randar ajiyar ruwa da tukunyar ajiyar hatsi abin tsira da rai ne, domin rafi yana ƙasa, hatsari ma yana ƙasa. Sana'ar ta rayu cikin wannan tsanani saboda ba a iya zama babu ita. Turawa suka ci Kontagora a 1901, suka shiga Abuja a 1902.

1902 zuwa 1950: layin dogo da kayan waje

Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya kafa hedikwatarsa a Zungeru a 1902. A 1907 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin kogin Kwara, ya isa Kano a 1911, ba da daɗewa ba kuma layin da ya taso daga Legas ya zo ya haɗu da shi a Minna. Wannan mahaɗa ce ta mai da Minna gari. Leburori da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina, Gwarin kan tudu suka sauko, daga baya garin ya zama mazaunin Razdan na Lardin Neja, lardin da Abuja take ciki.

Jirgin da ya kwashi gyaɗa da doya ya yi kudu, shi ne ya dawo da kwanon sha da tasa da langa da farantin tangaran. Kayan waje ba su fashewa da sauri, suna da launi, suna ƙyalli. Sannu a hankali jeren ɗakin amarya ya koma na kwanuka masu fure. Randa da tukunyar girki suka ci gaba da riƙe matsayinsu, domin babu kwanon da yake sanyaya ruwa, amma ido ya fara sabawa da cewa abin ado shi ne mai sheƙi, mai sheƙi kuma daga teku yake fitowa.

Shi wannan sheƙi yana da nasa tarihin, kuma Musulmi suna da hannu a ciki dumu-dumu. A ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, magina a Basra ta Iraƙi suka ga fararen kwanukan Sin suka so su yi irinsu. Ba su da irin ƙasar Sin, sai suka gano cewa in aka zuba kuza cikin ruwan gilashin da ake shafa wa tukunya, yakan fito fari fat, a yi zane a kansa da launi. Fasahar ta bi ta Masar ta isa Andalus, ta yi suna a Malaga da yankin Balansiya, jiragen ruwa kuma suka riƙa kai kayan Italiya. A can, tun daga wajajen 1500, magina a garuruwan Faenza da Urbino da Gubbio suka mai da faranti allon zane. Suna cika shi baki da baki da hoton farauta, mahaya da karnuka da barewa, ko labaran gumakan Girka da Rum na dā, ko ƙissoshin Baibul, sau da yawa suna kwaikwaya daga hotunan da aka buga a takarda. Wajajen 1524 Nicola da Urbino ya yi wa Isabella d'Este, uwargidan masarautar Mantuwa, jerin irin waɗannan faranta. Kayan nuna arziki ne da ilimi, sun fi zama a kan kanta ana kallo fiye da a zuba musu abinci.

Kwatanta wannan da randar Gwari yana nuna hanyoyi biyu. Maginin Italiya namiji ne a shago, yana zane da buroshi, labarinsa daga littafi, mai sayensa basarake. Maginar Gwari mace ce a tsakar gida, tana zane da tsinke, dabbobinta daga dawa, mai sayenta maƙwabciya. Abin da ya faru a Abuja bayan 1950 shi ne randar ta biyu ta bi sawun farantin farko, ta tashi daga kusurwar ɗaki ta hau kanta.

1950 zuwa 1954: zuwan Michael Cardew

An haifi Michael Cardew a Ingila a 1901. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma ya zaɓi ginin tukwane, ya zama almajirin Bernard Leach a 1923. Leach kuwa a Japan ya koyo sana'ar, saboda haka abin da Cardew ya gada shi ne salon Gabas mai Nisa na gasa yumɓu da wuta mai tsanani har ya zama kamar dutse. A 1942 ya tafi Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya yi aiki a Achimota, sannan ya kafa nasa wurin a Vume a bakin kogin Bolta, ya sha wahala da rashin lafiya, ya koma gida a 1948.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in kula da harkar tukwane a ma'aikatar ciniki da masana'antu. Burin gwamnati a fili yake: a riƙa yin kofuna da faranta masu ƙyalli a cikin gida, a rage sayo na waje. Cardew ya zagaya ƙasa yana duba yumɓu da aikin magina, ya fito da ra'ayin da bai yi wa masu son sauyi daɗi ba. A ganinsa tukwanen gargajiya ba su buƙatar gyara, domin a aikin da aka yi su dominsa babu abin da ya fi su, ga kuma araha. Sabuwar sana'ar za ta zauna ne gefe da tsohuwar.

A wannan zagaye ya isa Abuja. Sarkin lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gado a 1944, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne kuma tsohon malamin makaranta, yana da sha'awar tara kyawawan tukwanen ƙasarsa. A fadarsa Cardew ya ga waɗansu randuna da suka ɗauke masa hankali, ya tambayi mai su, aka ce wata mace ce daga Kwali, sunanta Ladi. Abuja ba ta kan layin dogo, amma tana da yumɓu da itace da ruwa, tana da magina, tana kuma da sarkin da ya buɗe ƙofa. A 1951 aka tsai da shawara a kanta, a 1952 Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta fara aiki. Ɗaliban farko duka maza ne. Aka koya musu faifai mai juyawa, da haɗa ruwan ƙyalli daga toka da garin dutse da farar ƙasa, da hura tanderun itace har zafinsa ya haura digiri 1,200.

1954 zuwa 1965: Ladi Kwali a tanderu

An haifi Ladi wajajen 1925 a Kwali, cikin Gwarin Yamma. Ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata babba cikin danginta. Danginta sun ba da labari cewa tukwanenta sukan ƙare tun ba su kai kasuwa ba. A ƙarshen 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko.

Ya kamata a tsaya a nan a raba abin da ta zo da shi da abin da ta tarar, domin an sha ba da labarin kamar Bature ne ya gano ta ya koya mata. Ta zo tana kusan shekara 30, gwana ce da sarki yake ajiye aikinta. Siffar randa, da hannun da yake fitar da ita, da rabon gidaje, da kunama da hawainiya, duka daga Kwali ta ɗauko su. Abin da ta tarar a Abuja shi ne faifai, da sabon haɗin yumɓu mai jure babbar wuta, da ruwan ƙyalli, da tanderu, da hanyar zuwa kasuwar duniya. Ta koyi faifan, ta yi faranta da kwanuka da kofuna, tana tsoma su cikin ruwan ƙasa mai launi sannan ta karce zane da ƙayar beguwa har launin ƙasa ya bayyana. Amma manyan randunanta da hannu ta ci gaba da gina su, tana zagayawa kamar yadda ta saba. Bambancin shi ne yanzu takan cike tsagogin da farar ƙasa, a shafe da ruwan ƙyalli mai duhu ko mai kore-kore, zanen ya riƙa leƙowa daga ƙarƙashi. A gindin kowace akwai hatimin Abuja da ajami, da haruffan sunanta biyu, LK.

Wannan haɗi ya haifar da abin da ba a taɓa gani ba, amma da farashinsa. Randar da ta shiga tanderu kafofinta sun toshe, ta daina sanyaya ruwa. Ta yi nauyi, ta yi tsada, ba ta hawa murhu. Matar ƙauye ba ta da abin yi da ita. Masu sayenta su ne ma'aikatan Turawa, da manyan 'yan boko, da gidajen adana kayan tarihi. Burin gwamnati na wadata talaka da faranti mai araha bai cika ba, domin aikin hannu a tanderun itace ba ya iya gogayya da kwanon masana'anta. Cibiyar ta yi nasara ne ta fuskar da ba a shirya ba.

An baje kolin kayan Abuja a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, randunan Ladi kuma su ne suka fi jan jama'a. A farkon shekarun 1960 ta je Turai da kanta, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a Ingila da Faransa da Jamus, aka kuma ba ta lambar girmamawa ta MBE. Nasararta ta buɗe wa mata ƙofa: Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa duk sun shiga cibiyar, kowace da nata hannun. Cikin maza akwai irin su Tanko Ashada da Bawa Ushafa. A waɗannan shekaru ne kuma Sylvia Leith-Ross take tara tukwanen gargajiya na sassan Nijeriya a gidan tarihi na Jos, aikin da ta fitar a littafi a 1970. Cardew ya yi ritaya ya bar Abuja a 1965.

1965 zuwa 1984: girma da sauyin suna

Michael O'Brien ya karɓi ragamar cibiyar daga 1965 zuwa 1972, daga nan ta koma hannun 'yan ƙasa. A 1972 Ladi ta zagaya Amurka tare da Cardew tana nuna yadda ake gini. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurin matan cibiyar, yau kuma tana cikin mashahuran magina na duniya. Ilimin da ya fito daga tsakar gidajen Kwali ya zama abin da ake tsallako teku a nema.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja da hedikwata a Minna, ta kuma yanke yankin sabon babban birnin tarayya. Tsohon garin Abu Ja ya ba da sunansa da babban kaso na ƙasarsa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Sabuwar iyaka ta raba gida biyu: Kwali da Ushafa suka faɗa yankin tarayya, cibiyar ta zauna a Jihar Neja.

A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi digirin girmamawa na dakta, macen da ba ta yi karatun boko ba. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da ake ba masana da masu fasaha, a 1981 aka ƙara mata lambar OON, a farkon shekarun nan kuma aka sa wa cibiyar sunanta. Cardew ya mutu a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984.

Daga 1984 zuwa yau

Bayan rasuwarta reshe ya ci gaba da toho a wurare dabam-dabam. Danlami Aliyu, ɗan Minna da ya yi koyo a cibiyar sannan ya ƙaro ilimi a Ingila, ya kafa wurin gininsa mai suna Al Habib a Minna, ya yi aiki har rasuwarsa a 2012. An kafa irin waɗannan wurare a Maraba kusa da Kaduna da kuma Bwari. Shirin inganta rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta fara a 1987 ya tallafa wa magina a Ushafa, ƙauyen da Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar naira 20 mai hoton Murtala a gaba, Ladi Kwali tana gini a baya. Aikinta yana ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a Washinton, a 2022 kuma aka sake baje shi a Landan.

A gida kuwa labarin bai kai haka daɗi ba. Jaridu sun sha ba da rahoton yadda cibiyar Suleja ta koma baya, gine-gine suka tsufa, aiki ya ja da baya. A ƙauyuka roba da tukunyar dalma da firji sun cinye kasuwar tulu da randa. Yarinyar da a dā take zama gindin uwa tana murza yumɓu, yanzu tana makaranta, wanda alheri ne, amma ba a kai sana'ar makarantar ba. Duk da haka wutar ba ta mutu ba. A Tatiko kusa da Paiko, da Kwali, da Ushafa, da ƙasar Nufe wajajen Bida, har yau mata suna gini suna gasawa, ana kuma ganin kayansu a kasuwannin Minna da bakin hanyar Suleja.

Darasin wannan tarihi shi ne, tanderu da ruwan ƙyalli ana iya sayo su, ana iya koyonsu cikin 'yan shekaru. Abin da ba a sayowa shi ne hannun da ya san lokacin da yumɓu ya nuna, da idon da ya san inda kada zai kwanta a jikin randa. Wannan ilimi ba ya cikin littafi, daga hannu zuwa hannu yake tafiya, in zuriya ɗaya ta tsallake shi ya tafi ke nan. Cibiyar Abuja ta yi suna ne saboda ta sami gwanaye da ƙauye ya riga ya rena. Saboda haka duk mai son farfaɗo da ita, gwamnatin Minna ce ko masarautar Suleja ko jami'o'inmu, bai kamata ya tsaya ga gyaran rufi da fenti ba. Sai an je Tatiko da Kwali an nemo tsofaffin magina tun suna da rai, an biya su su koyar, an ɗauki zanensu an adana da sunayensu, an kuma nema wa randar da take sanyaya ruwa kasuwa kamar yadda aka nema wa mai ƙyalli. Italiya ta riƙe sunayen maginanta na shekara 500 da suka wuce, garin Faenza ma yana da gidan tarihi na tukwane zalla. Mu kuwa suna ɗaya muka fi riƙewa cikin dubban mata, alhali waɗansu suna nan da ransu, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Minna.